Ledar Murfin Tanki

Ƙaramar katafilar da muke kwashe kashin shanu da ita a karar Garwa, kasuwar shanu, ta fara tari tana mutuwa. Na ce wa yayana kada ya kira makanike, ai ga ni. Na canja filta, na zubar da gazuwal, na zage mai sayar da shi tas, wai ya haɗa da ruwa.

Tari bai tsaya ba. Yaya ya kwance ledar da na ɗaure murfin tanki da ita saboda damina. Tanki ya ja numfashi, inji ya tashi garau.

Ya ce, "Sannu injiniya. Ka shaƙe ta, kana neman mai laifi."

Har yau, da hadari ya taso, mahauta sai su miƙo min leda: "Ungo, rufe hancinka, kar ruwa ya shiga."