Tafkin da Na Gano a Kudai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ja mutum biyu a ƙafa zuwa bakin tafki a Makka ba. Babu tafki a Makka. Yanzu dai na sani.

Watanmu biyu ke nan da tasowa daga Bol, can bakin Tafkin Chadi, inda ƙarar injin kwale-kwale ke tashina da safe. Muka sauka gidan Gwaggo Hajjo, yayar babana, a saman wani dutse a unguwar Kudai. Ko'ina ka duba dutse ne da kwalta. Kunya ba ta barina fita, sai dai in hau saman bene bayan la'asar in yi tagumi. A nan na gan shi: can ƙasa tsakanin duwatsu biyu, wani abu shimfiɗe yana ƙyalli, fari da shuɗi, yana ɗan rawa kamar iska na shafa shi. Har tsuntsaye ke shawagi a kansa. Kullum sai na hau na gaishe shi. A zuciyata har na sa masa kwale-kwale uku da wata mata mai wanki a gefen hagu.

A makaranta Larabcina bai wuce gaisuwa ba. Mutum ɗaya nake da ita, Ruwaida, wadda kakanninta suka zo Hajji daga Kano ba su koma ba. Ita ke gutsura min gurasarta a lokacin tara, kuma kullum ina fargabar ranar da za ta gaji da shiruna. Ranar da ta ce, "Ya binti, ke 'yar nan, ba ki da labari ne?" sai bakina ya kuɓuce.

"Akwai tafki a bayan gidanmu."

"Buhaira? Tafki a Makka? Nan fa aka haife ni. In ruwa kike so, sai Jidda."

"Ni 'yar bakin ruwa ce," na ce mata (da wata murya da ban san ina da ita ba). "In na ga ruwa na san shi. Ki zo ranar Asabar in kai ki."

Gwaggo, da idonta ya yi rauni kuma ta daɗe rabonta da gida, ba ta yi musu ba da na gaya mata. "Allah mai iko," ta ce, ta naɗe tabarma ta cika flas da shayi. Ni kuwa silifas na sa don shiga ruwa, na ƙulle ɓarɓashin burodi a leda (na kifaye, in kun yarda).

Tafiyar ta yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Muka gangara matakala mai tsayi, muka wuce wata kyanwa tana barci kan tankin ruwa, da tela yana ɗinkin abaya, da shagon turare da ƙanshinsa ya raka mu har kwana. Ina gaba ina ta bayani, har labarin mai wankin na ba su. Da wata iska mai sanyi ta buso, na tsaya na lumshe ido na ce, "Kun ji iskar ruwa?" Ashe ƙofar kanti aka buɗe.

Sai hanya ta ƙare a jikin shingen waya.

Motoci ne. Manyan bas-bas na alhazai da aka ajiye bayan Hajji, jere kai da gindi iya ganinka, rufinsu fari, gilasansu shuɗi, rana na dukansu. Tsuntsayen nan tantabaru ne. Ga warin dizal.

Wani dattijo maigadi ya leƙo, ya dubi tabarmar. "Hajiya, kun yi mantuwa a mota ne?"

"A'a, Malam," in ji Gwaggo, ko murmushi babu. "Kifi muka zo ciyarwa."

Ledar ta suɓuce daga hannuna, tantabaru suka rufe min ƙafa. Ruwaida ta kama shinge tana dariya har da hawaye. Na ce shi ke nan, gobe ajinmu duka zai ji, kuma na koma cin abincin tara ni kaɗai. Gwaggo kuwa ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar shingen. "Na ɗauko shayi tun daga sama, sai an sha shi a bakin ruwa."

Da muka koma, Ruwaida ta ce sai na kai ta saman benen. Rana ta yi ƙasa. Yana nan inda na bar shi, yana ƙyalli, kamar bai kunyata ni ba. Ta daɗe tana kallo.

"Wallahi buhaira ce," ta ce a hankali. "Ina mai wankin take?"

Na nuna mata gefen hagu.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Amma har yau, duk sanda motar makaranta ta tsaya, sai ta zungure ni ta ce, "Ya binti, kwale-kwalenki ya iso." Ni kuma na ɗauki darasi: kafin in gayyaci mutane bakin ruwa, sai na fara zuwa ni kaɗai na tabbatar ruwan ba shi da tayoyi.