Ƙwai Huɗu a Cikin Lagireto

"...Lafiya lau na tashi, saurayina, tunda ban mutu na bar maka gidan ba. Kai fa? Ka shigo sumui-sumui kamar ɓarawon kaji, ko tafa hannun sallama babu."

"Gidan kakata ne, sai na tafa hannu? Ina kwana, Doña Ofelia. Tsohuwa, har yanzu kina nan? Na ɗauka iskar jiya ta yi gaba da ke."

Ni ce Ofelian da ya gaisar. Shekara talatin da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakanina da Doña Zulema a nan Jáchal, kuma duk Asabar nakan shigo in taya ta naɗin empanada, soyayyen fulawar nan mai nama da ƙwai a ciki, a ƙarƙashin rumfar inabi, ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke zuƙa, yana yawo tsakaninmu. Lisandro jikanta ne, shekararsa ashirin da shida, yana aiki a gonakin albasa. Tun yana rarrafe suke wannan faɗan, ni kuwa ban taɓa gajiya da kallo ba. Mako uku da suka wuce ya sayo wata jar mota a hannun wani mutum a birni, shi kaɗai ya je, ya ƙi a raka shi. Kwana uku unguwar nan ba ta huta da hon ba. Yau kuma sai ga shi a ƙafa.

"Ina amaryar taka?" in ji Zulema.

"Tana hutawa."

"Hutawa? Daga zuwa sai kwanciya? Ko dai juna biyu ne?"

"Kishi ne ke damunki. Tun da na kawo ta kika rame."

"Ni in yi kishi da gwangwani? Ni shekara saba'in da takwas ina tashi da safe ba a tura ni."

"Ana tura ki mana, da mate uku da maganin gwiwa."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta jawo kwandon ƙwai ta ajiye a gabansa, ta ɗora gwangwanin garin tattasai a gefe.

"Da asuba na ɗebo ƙwai goma sha biyu a akurki. Na shiga wanka, na fito, takwas. Wannan gwangwanin kuma jiya a cike yake."

"Kajin ne suka canza shawara suka mayar da abinsu."

"Da tattasan?"

"To da me za su ci? Kaka, ki yarda kawai ƙwaƙwalwa ta fara tafiya. Ran nan ba tabarau kika yini kina nema ba, yana bisa kanki?"

"Tabarau na nema, ban nemi hankalina ba. Da shi na je sayen burodi ɗazu, na biyo ta bayan gidan Don Evaristo bakanike. Ka san wa na gani a laɓe a lungu? Amarya. Da gorar ruwa a bisa kanta."

Na kalli yaron. Kunnuwansa sun yi ja. A garin nan ko jariri ya ga gora a kan rufin mota ya san ta sayarwa ce, ba sai an rubuta komai ba.

"Ruwa na sha na manta ta a wurin," ya ce.

"Ka manta ta a tsakiyar rufi, a tsaye cak, ka kuma manta ka tare ta da dutse don kada iska ta kayar? Wannan mantuwa taka akwai tsari."

"Na gaji da launin ne. Ja ba ya yi mini kyau."

"Babu launin da ke yi maka kyau, wannan daga wajen ubanka ne. Amma ba sayarwar ce ta dame ni ba. Gorar. Akwai shuɗin zaren ulu ɗaure a wuyanta."

Nan na ajiye abin da nake naɗewa. Na san zaren, da shi take saƙa wa jikokinta hula. Na kuma san inda gorar ta fito. A kan hanyar Huaco akwai ɗan ɗakin Marigayiya Correa, baiwar Allahn da ƙishirwa ta kashe a daji da jaririnta a ƙirji, inda masu mota ke ajiye mata ruwa don ta tsare musu hanya. Ranar da Lisandro ya kawo motar, ni na raka Zulema a bas, da ciwon gwiwarta, muka jera gora goma sha biyu a wurin, kowace da shuɗin zare, saboda shi.

"Zare iri ɗaya ne a duniya?" ya ce, amma muryar ta riga ta sauka.

"Ƙullin nawa ne. Ba ni makullin but ɗin motar in je in duba."

"But ɗin ya lalace."

"Shi ma?"

Sai ya zauna a kan benci, ya ɗauki ƙoƙon mate ya zuƙa, alhali babu ruwa a ciki.

"Sha ɗaya suna cikin but," ya ce. "Babu komai a cikinsu."

"Ka shanye wa matacciya ruwa?"

"Ba ni ba ne, motar ce. Kaka, ba ta kai ko'ina ba sai ta tafasa. Kwana na huɗu ina dawowa daga Huaco, sai hayaƙi, sai wani ƙamshi. Na rantse na ɗauka wani ne ke suya a bakin hanya, har yunwa ta taso mini. Na bari ta huce na buɗe murfin lagireto, sai ga dafaffen ƙwai yana yawo, ja wur da tattasai."

"Ikon Allah. Ka sayo mota an haɗa maka da karin kumallo."

"Mutumin ne ya fasa a ciki, ya toshe hujin na 'yan kwanaki. Da ƙwan ya saki, sai ta koma kamar rariya. Ga ni tsakiyar daji, babu gida babu rijiya, sai ɗakin Marigayiya. Ai kin san an yarda mai mota ya ɗauka idan ya matsu."

"Ɗaya ake ɗauka, gobe a mayar da biyu. Kai ka mayar da wurin gidan mai."

"Naki kawai na riƙa ɗauka. Na ce tunda saboda ni aka ajiye..."

"Ji ɗan nema! Wato har zaɓe kake yi. To me ya hana ka koma wa wanda ya sayar maka?"

"Na koma. Ya ba ni kujera, ya ba ni mate, ya ce shi bai san komai ba, na duba na yaba na sa hannu a takarda."

"Ka duba ɗin?"

"Na duba."

"Me ka duba?"

"Rediyo. Da kujeru." Ya shafa ƙeya. "Na bugi taya da ƙafa."

"Ofelia, kin ji bakaniken gidanmu. Da na ce ya tafi da Don Evaristo, mutumin da ya tsufa a ƙarƙashin mota, cewa ya yi shi daga jin ƙarar inji yake gane ciwonsa."

"Ya ce mini ta mahaifiyarsa ce, Kaka. Tsohuwa ce, coci kawai take zuwa da ita ranar Lahadi."

"Kuma ka yarda? Kai da ka tashi a hannun tsohuwa? Mu da muka fi kowa iya ƙarya? Ni ko keke aka ba ni sai na kashe shi a wata guda."

Na yi dariya har da tari, shi ma ya ɗan murmusa. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce an yi wasa an tashi. Amma Zulema ta sa yatsa ta tura kwandon ƙwai gabansa, a hankali.

"To. Nasa ƙwan ya saki. Nawa huɗun suna ina?"

Ya shiga jujjuya ƙoƙon mate a hannunsa.

"Lisandro."

Ba ta kiran sunansa sai abu ya kai maƙura. Ya dubi ƙasa kamar mai neman allura.

"Suna ciki. Da safen nan na fasa."

"Wa zai zo gani?"

"Wani ne kawai."

"Wani ba shi da suna?"

"Malama Griselda. Ƙarfe sha ɗaya."

Gaskiya ni kaina sai da na ji kunyar ta kama ni, kamar ni na fasa ƙwan. Malama Griselda ce ta koya wa yaron nan riƙe fensir. Yanzu an mayar da ita wata 'yar makaranta can bayan duwatsu, tafiyar kilomita arba'in a turɓaya, inda sai ka yini ba ka ga mota ta wuce ba, waya ma ba ta kamawa. Shekara biyu tana hawa bayan motar masu albasa tana neman ta kanta.

Zulema ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da naɗe bakin empanada, tana magana kamar hirar farashin gishiri.

"Ashe tausayin Marigayiya kake ji. Ka ga ta daɗe ita kaɗai a daji, za ka aika mata da abokiyar hira. Sai in riƙa kai gora ashirin da huɗu, rabi nata, rabi na malamarka."

"Kaka, don Allah."

"A'a, tsari ne mai kyau. Sai dai ka gaya mini launin zaren da take so."

"Ni ma haka aka yi mini!"

"Aka yi maka, ka ji daɗi?"

"To ya kike so in yi? Shekara uku ina tsugune cikin albasa saboda motar nan. Na zagaya gari ina hon. Na ce wa kowa na yi wa ɗan birni wayo. Gobe a ji ni ne aka dafa wa ƙwai?"

"Za a ji. Ofelia na nan, ai an riga an ji."

"Ni ban ce komai ba," na ce.

"Tukuna," in ji su, su biyun a tare.

"Za su yi maka dariya wata guda," Zulema ta ce. "Ni zan yi shekara, don ina da haƙƙi. Dariya ba ta taɓa kashe ɗan gidan nan ba, kakanka ya taɓa sayo makahon doki, ya kuma rayu har ya tsufa. Amma cutar malamarka, in ka yi ta, ba dariya za a yi ba. Ni kuma ba zan ƙara samun bakin tsokanarka ba, don ba na wasa da mutumin da nake jin kunyarsa."

Ana haka muka ji tafi a bakin ƙofa. Malama Griselda ce, ta zo da wuri, da 'yar jakarta a hammata da takalmanta masu ƙura. Ta gaishe mu, ta ce ta biyo ta lungu ta ga motar, ta yi kyau ƙwarai, har ta fara tunanin inda za ta riƙa zuba littattafan yara.

Lisandro ya miƙe. Ya ce mata ta zo ta gani da kyau. Mu ma muka bi su, da garin fulawa a hannuwanmu, don ni ba a barina a baya a irin wannan.

Ya sauke gorar daga rufi ya riƙe a ƙirji. Ya ɗaga murfin inji, ya kwance bakin lagireto, ya matsa gefe.

"Malama, ki leƙa."

Ta leƙa. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Wannan ƙwai ne?"

"Na Kaka ne. Ni na fasa. Motar tana zubar da ruwa, ba za ta kai ki rabin hanya ba. Na so in ɓoye miki." Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Malama."

Shi kuwa yana tsaye da gora kamar wanda aka fitar gaban aji.

"Tun jiya da muka yi magana na ga kunnuwanka sun yi ja," ta ce. "Haka suke yi tun kana aji biyu. Na ce bari dai in zo in ga ko za ka faɗa da bakinka." Ta gyara jakarta. "In ka gyara ta gyaran gaskiya, ka neme ni. In ba ta gyaru ba, ka zo ka gaishe ni duk da haka."

Zulema ta cika mata takarda da empanada ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ba ta kalli jikan ba, ta shige ɗaki. Muka ji tana jan wani abu mai nauyi daga ƙarƙashin gado. Akwatin kayan aikin marigayi mijinta ne, wanda yaron ya yi shekara goma yana roƙo tana cewa sai bayan ranta.

"Ungo. Ka kai wa Evaristo ya nuna maka yadda ake liƙe lagireto da dalma, ba da abincin mutane ba."

Ya tsugunna ya shafa murfin akwatin. Idanunsa sun kawo ruwa, ya yi ta ƙoƙarin mayarwa.

"Kin ce sai kin mutu."

"Na ga in na jira, kai za ka riga ni, a kan hanyar Huaco."

"To kin ci, tsohuwa. Yau kam kin ci."

"Yaushe na taɓa faɗuwa?" Ta zaɓo empanada mafi girma ta dangwara masa a hannu. "Ci. Babu ƙwai a ciki, naka yana mota."

Ya yi dariya, hawayen suka zubo tare da ita.

"In ka gama ka fito da gorunan nan ka wanke ka cika," ta ce. "Gobe bayan coci za ka kai ni in ba Marigayiya haƙuri, a gaba zan zauna. Ofelia, ara mana wasu sha biyun."

"Na me kuma?" ya ce.

"Sha biyu na Marigayiya. Sha biyu na amaryarka ta sha a hanya, in ba haka ba ni zan tura ku gida."