Rasuwar Firjin da Aka Ɗora wa Laifin Gurnani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi kuma ba kaɗan ba, maigidan nan da unguwa ke kira Baba Eriya yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar firjin gidansa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da shida yana aiki.

Marigayin ya shigo gidan cikin kayan auren uwargida, kyautar mahaifiyarta. Mai haƙuri ne, mai riƙon amana, bai taɓa mayar wa kowa ruwa da ɗumi ba. Duk maganarsa ba ta wuce "ƙyas, mmmm", in zai huta kuma ya ce "garrr".

Ga yadda ajali ya zo. Baba Eriya yana da ɗaki guda da ya cika da rediyon da yake hira da masu irin sha'awarsa a ƙasashe masu nisa. Uwargida ta ƙyale shi ne bisa sharaɗi ɗaya: ranar da wasan nan ya taɓa mata kicin, rediyo ya bar gida. To, mako uku da suka wuce wani gurnani ya shiga rediyon, ya danne muryar kowa. Mutum yana gaishe shi daga ƙetaren teku, shi ko ba ya jin komai sai zuuu. Kai, abin ya ci masa rai.

Dabarar masu wannan harka ita ce a kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya, a saurara. Ya kashe fanka, ya kashe talabijin, ya kwance ƙwan fitila bakwai, ya yi wa maƙwabci mai walda kallon banza. Shiru, wato ba shiru ba. Sai ya ɗora wa firji karan tsana, wai muryarsu ɗaya. Ya zare filogi, ya ruga ɗaki ya saurara, ya dawo ya mayar. Ya sake zarewa don ya tabbata. Sau talatin da wani abu a safiya guda, bai ba bawan Allah hutun minti ɗaya ba. A na ƙarshe marigayin ya ce "ƙyas", bai ƙara ba. Gurnani kuwa yana nan daram.

Mai gyaran da ya zo tabbatar da rasuwar shi ya leƙa bayan teburin rediyo, ya ga wayar da ake binnewa a ƙasa ta kwance tun ranar da Baba Eriya ya ja teburin da hannunsa. Murɗa ɗaya ya yi wa ƙusar da ke riƙe wayar, gurnani ya ɗauke. Kuma don rashin ta ido, a gaban uwargida ya yi bayanin.

Marigayin ya bar uwargida, wadda yau kwana uku ba ta amsa gaisuwar mijinta ba, da kwalaben ruwa tara, da kifin da ya bi bayansa washegari. Ya bar rediyo kuma, muryarsa tangaram, amma ba a da tabbacin zai ga Lahadi.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma, a kurar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a kicin, masu zuwa su taho da ƙanƙara. Uwargida ta riga ta aika an auno kurar, ta ce akwai sauran wurin mutum ɗaya. Saboda haka Baba Eriya yana roƙon dattawan dangi, don girman Allah, su iso kafin ƙarfe tara.