Ƙwaya Dubu Ɗaya da Ɗari Shida

Shekarar da Goggo, yayar babana, ta gudo daga Damaturu ta sauka gidanmu a Pantami, ciwon maƙogwaro ya kama ta. Likita ya rubuta mata fenisilin, yunit dubu ɗari huɗu. A kemis kuwa aka ba mu ƙwayoyi masu miligiram ɗari biyu da hamsin. Ranar sojoji sun tare hanyoyi, babu damar komawa tambaya.

Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ai na ci lissafi a sakandare. Na ɗauko biro na raba dubu ɗari huɗu da ɗari biyu da hamsin, na samu ƙwaya dubu ɗaya da ɗari shida. Ko ɗar ban ji ba, har ina mitar rowar mai kemis da ya ba mu arba'in kacal. Na dake su duka, na dama a kunu, don ta fara da su kafin hanya ta buɗe.

Goggo ta ɗaga ƙoƙon ke nan, Anti Ladi, maƙwabciyarmu nas, ta shigo. Ta ga lissafina, ta fizge ƙoƙon.

"Yunit ƙarfin magani ne, ba nauyinsa ba. Dubu ɗari huɗun nan ƙwaya ɗaya ce tak."

Goggo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, na tsere wa bindiga, ashe kununki ke jirana."

Har yau ban sake yi wa kowa lissafin magani ba. Ita kuwa, duk ranar girkina sai ta riƙe cokali ta ce, "Likita, loma dubu nawa zan yi?"