Tsinken Alhaji Mahmudu

Duk faɗin Nassarawa GRA babu wanda Allah ya yi wa baiwar shugabanci kamar Alhaji Mahmudu Aƙilu. Wannan ba ra'ayina ba ne, shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in maganar ta shafe shi. Ya daɗe yana darakta a wata ma'aikata, har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa kama shi yana aiki. Nuni kawai yake yi da yatsa, a tashi a yi. In abu ya yi kyau, shi ya nuna. In ya lalace, ba a kalli yatsan da kyau ba.

Ritaya ta zo masa da ciwo guda, ya rasa wanda zai nuna wa. Matarsa Hajiya Raliya ta daɗe da daina kallon yatsan. Haka ya zauna a falo yana nuna talabijin da rimot, yana ramewa.

Ana nan sai tafiyar Hangari ta taso. 'Yarsa Nabiha ta gama karatun likita a Budapest, ya je bikin yaye su. Mai gidan da take haya wani dattijo ne, Tibor Vadkerti, madugun makaɗan Turawa, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana yawo daga Biyana zuwa Tokiyo zuwa Milan yana jagorantar makaɗa da mawaƙan ofera, wato wasan kwaikwayon da komai sai an rera shi, ko da gaisuwa ce. Dattijon ya gayyace su kallo. Alhaji ya shiga yana hamma, ya fito sabon mutum.

Ga abin da ya gani. Makaɗa cike da dandamali, wasu na goga goge suna gumi, wasu na busa ƙaho har idanunsu sun yi ja, wata mata ta yi ta kururuwa cikin waƙa har ta faɗi ta mutu, ta ɗago ta ƙara baiti biyu, ta sake mutuwa. Shi kuwa Tibor bai kaɗa komai ba, bai busa komai ba. Wata 'yar siririyar sanda kawai yake wulwulawa, idonsa a lumshe, yana nuna wannan yana nuna wancan. Da aka gama, shi aka yi wa tafi, shi aka ba furanni.

"Nabiha," in ji Alhaji a hanyar komawa masauki, "ashe sana'ata ce mutane ke cika ɗaki suna kallo a ƙasar nan. Ni da wannan bawan Allah aikinmu ɗaya. Ya dai riga ni samun makaɗa."

Ya dawo Kano da irin sandar a cikin akwatin karammiski. Ya buɗe a gaban Hajiya Raliya yana jiran ta yi mamaki. Ta leƙa, ta tambaye shi ko tsire ya ci a jirgi ya adana tsinken. Maganar ta fita ta ƙofar kicin ta zagaya layi. Shi dai Alhaji ya sa aka rubuta Mayistiro, laƙabin manyan madugan kiɗa a Turai, a jikin get ɗinsa da ruwan zinariya, maƙwabta kuwa suka naɗa shi Sarkin Tsinke.

Makaɗa ba su yi wuyar samu ba. Ya aika Tudun Murtala aka ɗauko Ya'u mai kalangu da jama'arsa, har da mai goge da mai algaita da Falalu sanƙira, wanda aikinsa shi ne ƙwala wa mutane kirari a wurin biki. Alhaji ya ɗinka musu baƙaƙen kwat ana tsakiyar zafin bazara, ya zaunar da su a kujeru, ya ajiye wa kowa takardar kiɗan Turawa mai ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Sun gode ƙwarai da takardun, don sun yi daɗin fifita.

"Daga yau kun daina kiɗan gargajiya," in ji shi, "kun shiga na ƙasa da ƙasa. Ku hannuwa ne kawai, ni ne ƙwaƙwalwar. In na ɗaga sanda, kiɗa ya rayu. In na sauke, ya mutu. Kome kuka ga na nuna, ku bi shi ba tambaya."

Suka ce Allah ya ƙara wa Mayistiro lafiya. Ya ɗaga, suka kaɗa abin da suka saba kaɗawa tun suna yara. Ya sauke daidai lokacin da aka fito da tiren shinkafa, suka tsaya cak. Alhaji ya share hawaye, ya ce bai taɓa ganin ɗaliban da suka ɗauki karatu da sauri haka ba.

Sai ga labari daga Nabiha cewa Tibor zai zo Legas yin wasa, kuma ya amsa gayyatarta zai leƙo Kano ya ji kiɗan Hausa. Alhaji bai ji rabin maganar na ƙarshe ba. Ya sanar a masallaci, ya sanar a wurin ɗaurin aure, ya sanar har a zaman makoki, cewa takwaransa na Turai na tafe takanas ya ga aikinsa ya tafi da shi Budapest. Ya sa aka ɗinka masa kwat mai jela da baƙar shadda. Ya fara yi wa abokai bankwana yana ba su haƙuri, wai duniya ce ta kira shi. Bayan wannan surutu, in Baturen ya koma ba tare da ya gayyace shi ba, Alhaji ba shi da fuskar da zai sake fita sallar Juma'a da ita.

Kafin ranar ya gano kuskuren da Turawa suka daɗe suna yi ba su sani ba. Madugunsu yana juya wa 'yan kallo baya.

"Rashin tarbiyya ne," in ji shi. "Ina ni ina juya wa manyan mutane ƙeya? Kuma mutum ya taso tun daga Hangari don ya kalli bayana? Ni zan fuskanci baƙi, makaɗa su zauna a bayana. Wannan gyara ne na yi wa sana'ar, kyauta."

Abin da Mayistiro ya manta, ko da yake a cikinsa ya girma, shi ne al'adar makaɗan biki. In mai gida ya nuna musu wani a cikin taro, ma'anarta ɗaya ce: wancan babban baƙo ne, ku je ku wasa shi.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka cika farfajiyar gidan a ƙarƙashin rumfuna, tsofaffin daraktoci da alƙalai masu ritaya da Hajiyoyi cikin leshi. Mai tsiren da aka ɗauko ya hura wutarsa a kusa da get. Tibor ya zauna a sahun gaba kusa da Nabiha, sanye da hular da aka ba shi. Alhaji ya hau teburin cin abincin da aka mayar dandamali, ya rusuna, ya lumshe ido kamar yadda ya ga an yi a Budapest, ya ɗaga tsinke. Kalangu ya ɗauka.

Can ya nuna dama da tsinken don goge ya shigo. Tsinken ya tsaya saitin wani tsohon alƙali. Ya'u ya dubi Falalu, Falalu ya dubi Ya'u, suka miƙe suka bar kujerunsu a baya, duk ayarin ya sauka ya kewaye alƙalin. Falalu ya fara zuba masa kirari tun daga kakan kakansa. Alhaji ya nuna hagu, suka kwasa suka koma kan wata Hajiya da ke tsakiyar cin cincin. Ya nuna sama don kiɗa ya yi ƙarfi, suka ɗaga kai suka ga mai gyaran lantarki a kan katanga, suka yi masa nasa daga ƙasa.

Shi kuwa Mayistiro bai buɗe ido ba. Ya ji kiɗa na matsowa yana nisa, ya ɗauka ikonsa ne ke ƙara shi yana rage shi. Ya yi tsalle, ya durƙusa, jelar kwat na kaɗawa, gumi na ɗiga daga gemu. Ya yi wani dogon nuni na ƙarshe wajen get, ya tsaya a haka yana karkarwa shi kaɗai a kan tebur, kujeru wayam a bayansa, makaɗansa na can suna wasa mai tsire.

Tibor ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya miƙe yana tafi, ya hau ya rungume Alhaji, ya yi ta magana da harshensu. Alhaji ya miƙa wa 'yarsa makirfo.

"Fassara wa jama'a, Dakta. Kalma da kalma, kada ki rage ko ɗaya."

"Baba, da ka bari sai mun shiga ciki," in ji Nabiha a hankali.

"A nan za a ji. Tarihi ba ya ɓuya a falo."

Ta fara fassara. "Ya ce ya yi wasa a manyan biranen duniya, bai taɓa ganin wanda ya kwaikwayi girman kan madugai ya yi musu shaƙiyanci kamar kai ba. Ya ce tun daga farko har ƙarshe ko sau ɗaya hannunka bai dace da kiɗan ba, wannan sai gwani. Ya ce lallai yana gayyatarka Budapest."

Alhaji ya ɗaga hannu biyu sama, ya juya yana kallon abokansa ɗaya bayan ɗaya.

"Suna da wasan yara da safe ranar Lahadi," Nabiha ta ƙarasa, "kuma ɗan barkwancinsu ya tsufa."

Tsohon alƙalin ya fara tari irin wanda ba na mura ba, sauran suka kama. Na tausaya wa Alhaji a wannan lokacin, gaskiya, ko da yake ni ma ina cikin masu tarin. Ya buga ƙafa, ya nuna ƙirjinsa da tsinken yana faɗin, "Ni? Ni?" Ya'u da jama'arsa suka hango nunin daga bakin get. Suka rugo cikin biyayya suka kewaye tebur, Falalu ya cika huhu ya wasa shi da sunan da duk unguwa ta san shi da shi ban da shi: Sarkin Tsinke na Hajiya Raliya.

Alhaji ya yi wurgi da sandar ya shige gida. Ta faɗi kusa da mai tsire, wanda ya ɗauka ya duba, ya ga itacen mai kyau ne, ya wanke. Kafin magariba na gan ta a bakin wuta ɗauke da tsoka da kitse, an barbaɗe ta da yaji. Tibor ne ya cinye, ya ce ya yi daɗi.