Koriyar Takardar Tela Youssouf

Jama'a, ku taya Dauda mai kifin banda jaje. Jiya ya yi zaɓe da zuciyarsa, saura ƙiris ya rasa rumfarsa ta kasuwar Garoua.

'Yan takara uku ne. Akwai Ranka-ya-daɗe Mai Babbar Riga da farar takarda, da Ranka-ya-daɗe Mai Doguwar Mota da ja, mutanen da ke zagin juna da rana su ci tuwo kwano ɗaya da yamma. Na uku Youssouf tela ne, mai koriya. Bai yi alkawarin gada ba, magudanar ruwan kasuwa kawai ya ce zai gyara. Kowa na sonsa, har shayi ake ba shi kyauta.

Kun dai san tsarin namu mai albarka: ka ɗauki takardu uku, ka sa ɗaya a ambulan, ka fito da biyu. A gindin ɗurumi kuwa ɗan koren Mai Babbar Riga na zaune yana duba ragowar, don kada wani talaka ya yi kuskure. Wanda bai nuna ja da koriya ba, rumfarsa ta zama ta wani.

Dauda ya jefa koriya, ya fito yana jin kansa namiji. Da ya hango ɗurumin sai ya tuna fara da ja ne a hannunsa. Ya zagaya ta baya wajen Delphine mai ƙosai, wadda masoyan Youssouf suka cika wa tire da koriyar takarda bayan an duba musu.

"Delphine, ƙosai. A koriya za ki naɗe min."

"Kai ma?" Ta yi dariya. "Ci a hankali, kada ka yaga ta."

Da Dauda ya nuna ja da koriyar, ɗan koren ya shinshina maiƙon, ya harare shi, ya ce ya wuce.

Yau da safe aka yi sanarwa: Youssouf bai sami ko ƙuri'a ɗaya ba. Har tasa. Allah ya ƙara wa masu ƙirga basira.

Sai ga Youssouf a rumfar Dauda, idonsa jawur, daidai lokacin da ɗan koren ke tsaye yana zaɓar kifin da ba zai biya ba.

"Jam na, Dauda, lafiya kuwa? Na yafe wa kowa. Amma kai, da muka tashi gida ɗaya?"

Dauda ya dubi abokinsa, ya dubi rumfa, kunya kamar ta kashe shi.

"Wallahi, tela," ya ce da ƙarfi yadda za a ji, "ni ban taɓa ganin ka dace ba."

Ɗan koren ya ji daɗi ƙwarai. Ya ƙara kifi ɗaya.