Kazar Raƙiya da Sojan da Ba Shi da Kai

"…lahiya lau muke, sai dai ganinka da ya ɓata min hantsi. Ina gajiya, bawan gidanmu?"

"Babu gajiya, uwar marowata. Ina yara? Ko kin kai su kasuwa kin musanya da goro?"

"Suna makarantar allo, inda anka kore ka. Shigo, amma ka bar hannuwanka inda nike ganinsu."

Ma'azu ya jingine babur ɗinsa a jikin katanga ya shiga da wani ƙunshi a hammata. Raƙiya taubashiyarsa ce. Ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan Kaka Attahir, wanda Faransa ta ɗiba aikin soja tun zamanin yaƙin Jamus. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, kuma ba su taɓa kwana da fushin juna ba. Duk abin da Ma'azu ya samu a gidanta ya yi gaba da shi, ba a kiransa sata. Haka al'ada ta ba ɗan mace.

Amma yau ba wasa kaɗai ya kawo shi ba. Amininsa Alƙasum ya rasu, Allah ya jiƙansa. Tela ne a bakin kasuwar Tawa, mutum mai sanyin murya, wanda bai taɓa yanka ko zakara da hannunsa ba, amma Allah ya jarabce shi da son kayan tsofaffin sojoji. Duk ɗan abin da keken ɗinki ya ba shi, a nan yake ƙarewa. Ma'azu ne ke goya shi a babur, su bi Barmu, su bi Bambai, su yi arewa har Tebaram, suna tambayar gidajen da aka taɓa yin soja. A haka ya tara takalma, da ɗamara, da gorar ruwa ta ƙarfe, da kwanon cin abinci, da wata doguwar riga mai maɓallan tagulla. Ya sa kafinta ya yi masa mutum-mutumi na katako, ya tufatar da shi tsaf a kusurwar shago. Abu ɗaya ya rage, hular kwano. Ya ga huluna da yawa, ya ce shi ta Kaka Attahir yake so, ita kuwa tana hannun Raƙiya. Har a gadon asibiti, da muryar da ba ta fita sosai, sai da ya ja hannun Ma'azu ya ce, "Ka ce wa uwargijiyarka ta ba sojana kai."

Gobe 'yan'uwan mamaci za su zo rabon gado. Matarsa Nasiratu ta ce ita ba za ta ajiye ƙato marar kai a gidanta yana firgita mata yara ba. In an samo masa kai, ya zauna. In ba a samo ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya riga ya fara zagaye da amalankensa.

"Mi ka ƙunso?" in ji Raƙiya. "In tsaraba ce, lalle tashin duniya ya kusa."

"Arziki na kawo miki." Ya kwance ƙunshin, sai ga hular babur ja, sabuwa fil, har da gilashi. "Duba nan. Ciki da soso, waje da ƙyalli. Ki ba ni tsohon kwanon nan da ya yi tsatsa, ki riƙe wagga. Tausayinki ne ya kama ni."

"Tausayinka shi kashe ka. Ina ni ina hular 'yan kabu-kabu? Tahi ka yi ciniki da mai ita."

"Wa ke da ita in ba ke ba?"

"Ajidan."

Ta nuna masa gindin rumbu. Can a inuwa hular Kaka Attahir take, a juye da baki sama, an tokare ta da duwatsu. A cikinta wata baƙar kaza mai wake-wake ta baje fukafukai, tana kallon Ma'azu da ido ɗaya kamar ta san abin da ya kawo shi. Ita ce Ajidan, sunan muƙamin soja Raƙiya ta laƙaba mata.

"Innalillahi! Raƙiya! Hular da ta ga Jamus da idonta, ita kinka ba kaza ta yi kwanci?"

"To da mi? Tunda hular nan ta zo Adar ba ta taɓa aikin da ya kai wanga amfani ba. Da awon hatsi Kaka Kaltumi ke yi da ita. Uwata ta jiƙa tsamiya a ciki. Ni na ƙara mata girma, na ba ta hafsa."

"Kaza ce hafsa?"

"Ta fi ka. Shaho ya sauko mata bara, da gashin wuyanai ya koma a hannu. Kai fa? Ɗan akuya ya bi ka a Bambai, sai da ka hau jinka."

"Bunsuru ne, kuma mahaukaci! Ki ji tsoron Allah, ki dubi lotsawar nan ta gefe. Harsashin Bajamushe ne. Kaka shi kaɗai ya tsare gada, mutum dubu suna harbi, shina mayar musu da duwatsu."

"Gada! Bara ka ce dutse ya tsare. Shekaran bara ka ce jirgin ruwa. Tsohon nan dankali ya fere tun daga ranar da sunka ɗauke shi har ranar da sunka sako shi. Kuku ne, Ma'azu. Albasa kaɗai ta taɓa sa shi hawaye a yaƙin nan."

"Ƙarya kike, ɗiyar mai kan tulu! To lotsawar fa?"

"Taɓaryar Kaka Kaltumi ce. Ya dawo da hoton wata Baturiya a aljihu, ya ce ƙanwar kwamandansu ce. Kaka tana daka ta ce shi matso ta gani da kyau. Allah ya taimake shi hular na kansa, da ba a haifi uwarka ba, da duniya ta huta da kai."

Ma'azu ya dafe ƙirji. "Kar ki sake ki faɗi wagga magana a waje. Alƙasum ya tafi kabari da yaƙinin harsashi ne."

"Wa ya gaya maka? Tun zuwansa na fari na ba shi labari. Ya yi dariya har rawani ya kwance. Ya ce hula mai tabon harsashi ko'ina akwai ta, amma mai tabon taɓarya guda ce a duniya. Kai ne dai ya ce kar a gaya ma, wai zuciyarka ba ta da ƙwari."

Ma'azu ya ji muryar Alƙasum a cikin maganar sak, har da yadda yake sunkuyar da kai in zai yi dariya. Sai ya juya ya shiga gyaran igiyar takalminsa, alhali silifa ce a ƙafarsa. Raƙiya ta gani, ta yi kamar tana korar ƙuda.

"Ku dai kun sha wahalar banza," ta ce. "Duk Adar an gane ku. Tsohuwa ta ji ƙarar babur ɗinka, sai ta ruga bayan ɗaki ta tono abin da ya yi tsatsa. Ba ku ne kunka sayo mazurarin kananzir a Barmu ba, wai bigilar sojoji?"

"Bigila ce! Bakinta ne ya karye."

"Kun busa ta?"

"Mun busa."

"Mi ta ce?"

"Warin kananzir ta yi. Amma ai a yaƙi da kananzir ake wanke su."

"Allah shi shirye ka. Da wani takalmi da kunka ɗauko a Tebaram, duka biyu ƙafar hagu?"

"Sojan da ke da su gwanin faretin hagu ne. Ke mi kinka sani a harkar soja? Ba ni hanya. Ni ɗan mace ne, abin da hannuna ya ɗauka a gidan nan halal ne."

"Ɗauka. Ban hana ka ba. Amma in Ajidan ta tashi daga ƙwan nan sunka huce, wallahi kai za ka kwanta a kansu har su ƙyanƙyashe. Ni zan riƙa kawo maka tsaki da ruwa."

Ma'azu ya naɗe hannun riga. Ya ajiye jar hular kusa da rumbu, ya zuba mata ƙaiƙayi a ciki, ya durƙusa yana lallashi. "Ranki shi daɗe, Ajidan. Ga sabon gida, da taga, da katifa. Manya ba su zama a tsohon gini." Kazar ta kumbura ta ninka girmanta. Ya miƙa hannu a hankali ta ƙarƙashinta. Kafin ya taɓa ƙarfen ta sakar masa sara a bayan hannu, ta ƙara masa a yatsa. Ya yi baya da sauri, ya taka kaskon ruwan kaji, ya zauna daɓas a cikin laka.

Raƙiya ta riƙe ciki. "Jikan mai tsare gada! Wayyo hanjina! A kawo lambar yabo!"

"Wagga ba kaza ba ce, mayya ce! A gidan mayya ta tashi!"

"Sara biyu kaɗai ka sha ka ja da baya. Kaka ko dankali ne ai ya tsaya ya gama da shi."

Ma'azu bai tashi ba. Ya zauna nan cikin lakar yana kallon jinin da ya ɗan tsattsafo a hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Gobe za su watsa shi, Raƙiya. Takalma wajen wani, riga wajen wani, sauran a awo a kan sikeli. Duk rana da ƙishirwar da munka sha a hanya. Abu guda Alƙasum ya roƙe ni, guda tak, kuma kaza ta hana ni."

Raƙiya ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba masa a hannun, ta goge da bakin zanenta da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Kullum Lahadi in an tashi kasuwa sai ya biyo," ta ce. "Ya zauna a kan turmin can, ya taya, in ƙi, ya sha hura ya tafi. Har yau in rana ta karkata sai in ga kamar zai yi sallama." Ta ja hanci, ta daka masa tsawa. "Tashi min daga laka, ƙazami! Kana ɓata ma agwagi wurin wanka."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zane. Ta durƙusa gaban rumbu tana ɗan kiran kazar da baki, ta lulluɓe ta, ta ɗago hular gaba ɗaya, da kaza da ƙwai da komai. Ajidan ko motsi ba ta yi ba.

"Miƙo hannu. Biyu, ba ɗaya ba, kamar mai karɓar sadaka."

"Da kazar?"

"Da ita. Hula taka ce, na ba Alƙasum. Kaza tawa ce, aro na ba ka. Ka kai ta shago ka aje a gaban ƙafafun sojan. In sunka zo gobe, ka ce musu kazar Raƙiya na kwanci a nan, kuma wanda ya matsar da ko maɓalli guda ta tashi, da ni zai yi. Ka ga wanda zai iya. Mai amalanke kuwa ka ce ina gaishe shi, ya san ni."

"To Nasiratu fa? Kai ta ce a samo masa, ba kaji ba."

"Kai dai kanka ne ya kamata a nema ma hula. Ka ce mata soja ya cire hularsa ne, maigidansa ya rasu. Wane soja ne ke tsayawa da hula a ka a gidan makoki? In tsaki sun fito, makoki ya ƙare, shi mayar da abinsa. Tsakin kuma na marayu ne, in na ji ka soya ko guda, sai na soya ka."

Ma'azu ya tsaya da hular a hannu, yana jin ɗumin kazar ta cikin ƙarfen. Idanunsa suka cika. Ya ce hayaƙin murhunta ne, alhali ko wuta ba ta hura ba. Ya nufi babur.

"Ina za ka? A babur? Ka girgiza min ƙwai su zama ruwa? Da ƙafa za ka, sannu sannu, kamar mai rakiyar amarya."

"Raƙiya, yau Lahadi! Ta tsakiyar kasuwa hanyar take! Duk Tawa za ta gan ni rungume da kaza, da laka a gindi!"

"Shi ya sa na ce yau. Babur shi kwana nan, jingina ne. Jar hular ma na riƙe, tsamiya ta samu wurin jiƙo."

"Ɓarauniya! Jikar mai taɓarya!"

"Awo, ita ce ta ci yaƙin. Faɗi in ji, wane ne bawa?"

Ma'azu ya dubi kazar, ya dubi ƙofa. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda bai yi ba tun ranar da aka kai Alƙasum, har sai da Ajidan ta yi gunaguni a ƙarƙashin zane.

"Ni ne, ranki shi daɗe. Ni ne, har tsaki su fito."

"Hagu, dama," in ji Raƙiya, tana tafa masa. "Kuma kar ka yi tuntuɓe, hafsa na barci."